Godiya ga masu shagon kwamfuta na layinmu a Tudun Wada

Assalamu alaikum.

Malam mai shago, da 'yata da ke zama kan injin sikan, da yaron da ke tayar da janareta in an ɗauke wuta: wannan godiya taku ce. Na ga gara in yi ta a bainar jama'a, tunda a gaban jama'a kuka fitar da ni kunya.

Ranar da na shigo muku, leda ce a hannuna cike da takardun aikin koyarwa na shekara talatin da biyar, ana neman su a intanet don tantance 'yan fansho. Takardar kama aikina ta zamanin tafireta ce, ta yi ja, ta tsage a kan ninki, salatif ke riƙe da ita. Kafin nan na kai su wani wuri, aka ɗauke su da waya a karkace, har inuwar babban yatsa ta rufe hatimi. Sau biyu shafin yana dawo mini da su.

'Yata ba ta yi gaggawa ba, ko da yake mutum huɗu na jiranta a benci. Ta cire ƙusoshin takardun ɗaya bayan ɗaya, ta goge gilashin injin da ƙyalle, ta shimfiɗa tsohuwar takardar da tafin hannu kamar mai gugar hular sallah. Ta ce, "Baba, rubutu a kan lamba 300 ta ma'aunin kaifin hoto ake ɗaukarsa, kuma ba sai da launi ba, launi nauyi yake ƙara wa fayil." Hoton marigayi mahaifina da ya faɗo daga cikin ledar kuwa, a kan 600 ta ɗauke shi, sai ga zanen aska takwas na rigarsa ya fito raɗau. Ta mayar da takardun PDF, kowace da sunanta, ta rage nauyinsu har shafin ya karɓa, hatimin bai dushe ba. Da ta tura mini a imel ta zuba a filashi, sai ta juyo da fuskar kwamfutar wajena, ta goge su, ta shiga kwandon shara ta sake gogewa. Ban roƙa ba. Ban ma san ana yi ba.

Ta kuma gaya mini gaskiya a kan manhajar da ke karanta rubutun cikin hoto. Turanci tana karanta shi lafiya lau, amma da ta zo kan Hausa sai ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ƙasa da kasa suka zama abu guda. Wasiƙar ajami ta mahaifina kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba. Haka muka bar ta a hoto.

Muna cikin hira na yi ƙorafin cewa labarin tantancewar nan a majalisa na ji shi, saura kwana kaɗan a rufe, domin Facebook abin da ya ga dama yake nuna wa mutum. Malam ya karɓi wayata ya sa mini wata manhaja mai suna Feedly. Ya ce shafuka da yawa suna fitar da jerin sababbin abubuwan da suka wallafa, ana ce masa RSS, alamarsa ruwan lemo ce. Manhajar ita ke zagayawa ta tattaro kanun wuri guda, na baya-bayan nan a sama. Ya ce da Google Reader yake amfani a da, har Google ta rufe shi a 2013. Bai ɓoye mini cewa ba kowane shafi ke da shi ba. Yanzu bayan asuba, da shayina, nakan duba kanun BBC Hausa da na jaridu biyu, in buɗe wanda ya shafe ni kawai, data ma ta fi jimawa.

Kafin in tashi ya nuna mini yadda zan yi sikan da wayata a cikin Google Drive. Na ce, "Malam, ai ciniki kake kora." Ya yi dariya ya ce, "Baba, rasit da takardar asibiti ka yi a gida. Manyan dai nan za su zo."

Ƙorafina ɗaya ne: bencin nan rana na dukansa bayan azahar, a taimaka wa tsofaffi da rumfa. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ba 'yata miji nagari. Ranar Asabar ina tafe da adakar mahaifina, wasiƙun ajami ne fal a ciki, ku ware mini safiya.

Naku,
Tsohon malamin firamare, Tudun Wada, Zariya