Don Allah Ku Fito Mana Da Jerin Waƙoƙin Da Ke Ɗakin Ajiyarku

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, da fatan kai da sauran ma'aikatan wannan gida kuna lafiya, Allah ya ƙara basira.

Ni malamin Hausa ne a wata kwalejin ilimi, kuma na daɗe ina sauraren filinku na waƙoƙin da, wanda kuke sako mana su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Barmani Coge. Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar neman waɗannan waƙoƙi a laburare. Duk shekara ana ba ni ɗalibai masu rubuta furojet a kan waƙar baka, kuma duk shekara kukan ɗaya ne, yaro ya je laburare ya zauna gaban kwamfuta ya buga sunan mawaƙi a katalog, kwamfuta ta ce babu, ya dawo ya ce malam wallahi babu komai a kan wane, daga nan sai ya wuce kasuwa wajen masu tura waƙoƙi a memori, su zuba masa abin da ya samu, ba shekara ba wuri, wani lokaci ma sunan mawaƙin ba daidai ba, da wannan zai rubuta furojet ɗin. Abin yana damuna ƙwarai.

Matsalar kashi biyu ce. Akwai abin da yana nan a katalog amma ba mu iya nemansa ba, akwai kuma wanda tun asali ba wanda ya rubuta shi a ko'ina. Na farkon da sauƙi, bari in faɗi abin da nake gaya wa ɗalibaina ko wani mai saurare zai amfana.

Sunan mawaƙi shi ne babban abin da ke kayar da mutane. Kwamfuta ba ta san mutum ba, harafi take bi. In ka buga Ɗan Maraya da ɗ mai lanƙwasa, wani katalog ɗin ba zai kawo maka wanda aka shigar da d zalla ba, kuma tsofaffin bayanai da yawa an buga su ne a tafireta wadda ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. To sai ka gwada duka, Dan Maraya, Danmaraya a haɗe, Dan Maraya Jos, har ma sunansa na yanka Adamu Wayya. Haka Shata, wani ya rubuta Mamman Shata, wani Muhammadu Shata, wani ya fara da Alhaji, kuma tsarin laburare yana juya suna ne ya sa na ƙarshe a gaba, don haka ma'aikacin da bai san mu ba yana iya ɗauka Katsina sunan mahaifinsa ne ya jera shi a ƙarƙashin harafin K. Wannan yana faruwa da duk mawaƙin da ke da sunan gari a wutsiyar sunansa, su Kassu Zurmi, su Ɗanƙwairo Maradun, kuma kusan duk haka suke. In ka tsallaka Nijar rubutun Faransanci ne, gurmi ya koma gourmi, Hausa ta koma haoussa, a katalog ɗin Jamus kuma Haussa ce da s biyu. Kayan kiɗan ma haka, kuntigi wani ya rubuta kontigi, goge wani ya rubuta goje, algaita wani ya sa mata h a tsakiya.

Sannan kada ka nemi waƙa da sunanta kawai. Makaɗanmu ba sa raɗa wa waƙa suna kamar yadda marubuci ke raɗa wa littafi, jama'a ne ke kiranta da gindinta, wato layin da 'yan amshi ke ta maimaitawa, ko da sunan wanda aka yi wa, mai kaset ya rubuta nasa a jikin kwali, ɗan rediyo ya rubuta nasa. Ka buga bakandamiya kawai ka gani, Narambaɗa na da tasa Shata na da tasa, kuma Shata bai rera tasa sau ɗaya ya bari ba, kowane zama akwai ɗiyan waƙa, wato baitoci, da ya ƙara akwai waɗanda ya bari, wato mai nazari dole ya san wane zama ne yake magana a kai. Gara ka haɗa sunan mawaƙi da sunan ubangidansa, ko da kayan kiɗan, kotso ko taushi ko kalangu, a akwatin neman kalma.

Wani abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne ba a wuri ɗaya ake ajiye kayan ba. Yawancin laburaren jami'o'inmu suna bin tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka ne, a can harafin M na kiɗa ne, ML littattafan da aka rubuta a kan kiɗa, kiɗan gargajiya na Afirka yana wajen ML 3760, amma littafin da aka rubuce baitocin waƙoƙin baka a ciki galibi yana can wajen PL 8231 zuwa 8234 tare da harshe da adabin Hausa, wani kuma a jefa shi GR wajen tatsuniyoyi da al'adu. Inda ake bin tsarin Dewey kuma kiɗa 780 ne, adabin Hausa 893.72. Yaro sai ya duba kanta ɗaya ya ga ba komai ya haƙura. Kuma kan maganar da ake liƙa wa kowane littafi a katalog, wato kalmomin da ke nuna abin da littafin ya ƙunsa, da Turanci yake, dole sai ka buga "Songs, Hausa" ko ka haɗa Hausa da "music" kafin su fito, in ka samu guda ɗaya mai kyau ka danna kan maganar da ke ƙasansa zai kawo maka 'yan uwansa. In sauti kake so ba littafi ba, yawancin katalog suna da wajen tacewa da za ka zaɓi faifai ko kaset kawai. Kundayen digiri kuwa, waɗanda a nan ne mafi yawan aikin da aka yi kan makaɗanmu yake kwance, sau da yawa ba sa cikin babban katalog sam, suna laburaren sashe a rubuce cikin rijista, sai ka je da ƙafarka ka gaida mai kula da wajen.

Wanda yake da data ya leƙa WorldCat, kyauta ne, yana haɗa katalog na dubban laburare na duniya. A nan za ka ga abin da Turawa suka ɗauka suka tafi da shi. David Ames ya yi aiki a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, ya naɗi makaɗa aka fitar da faya-faye biyu a jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi, shi da Anthony King kuma suka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Kamfanin Ocora na Faransa ma ya fitar da faifan kiɗan Nijar. Amma ka lura, irin waɗannan da sunan wanda ya naɗa ake jera su, makaɗan da suka yi aikin sunayensu suna can cikin takardar da ke rakiyar faifan, in ma an rubuta, shi ya sa in ka nemi makaɗin da sunansa ba zai fito ba. Faya-fayen kasuwa irin na kamfanin EMI kuwa, shafin Discogs yakan fi laburare amfani, don masu tara faifai suna sa hoton kwali da lambar faifan.

To Malam Edita duk wannan dabara ce ta neman abin da wani ya riga ya rubuta. Kashi na biyun shi ne ainihin abin da ya hana ni sukuni, kuma a nan ne maganar ta zo kanku.

Mafi yawan abin da makaɗanmu suka rera ba ya London ba ya Amurka, yana ɗakunan ajiya na gidajen rediyonmu. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna tun 1962 yake aiki, ga gidajen jihohi da suka biyo baya, ga Muryar Sahel a Yamai, kowannensu ya ɗauki makaɗa a situdiyo ya bi su fada ya bi su gidan biki da hawan salla. Ku ma kuna da naku, shaidata ita ce wani lokaci kuna sako waƙar da ban taɓa jin ta a kaset ɗin kasuwa ba. Amma ni da nake waje ba ni da hanyar sanin me kuke da shi. Ba wani jeri da zan duba. Sanin yana kan mutum ɗaya ko biyu, dattijon da ya shekara talatin a ɗakin faya-faye wanda in ka rera masa layi ɗaya zai miƙe ya zaro maka tef ɗin, kuma wannan dattijo ritaya na jiransa. Na taɓa zuwa wani ɗakin ajiya a wani gari na ga tef jibge cikin kwalaye, rubutun jikinsu ya koɗe, wasu ba rubutun ma, matashin da ke wajen yana da kirki yana son ya taimaka amma shi ma gadonsu ya yi haka, na'urar da za a saka a ji kuma ta lalace.

Tef ba ya jira. Zafi yana cinsa, danshin damina yana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu ta shiga, in ya daɗe ba a juya shi ba ya manne. Laburaren Birtaniya da duk kuɗinsu da na'urar sanyaya ɗakinsu sun fito a 2015 suka ce shekara kamar 15 ta rage musu su kwashe sautukansu zuwa kwamfuta kafin tef ya mutu ko a rasa injin da zai karanta shi, to ina ga namu da ke ɗakin da wuta ke zuwa tana tafiya. Kuma masu shaida suna ƙarewa. Ɗanƙwairo ya rasu 1991, Shata 1999, Barmani 2013, Ɗan Maraya 2015, amma har yanzu akwai sauran 'yan amshinsu da makaɗansu da sanƙirorinsu da 'ya'yansu, waɗanda in aka saka musu tef za su ce wannan a gidan wane aka yi ta, shekarar da aka yi kaza, mai riƙe da kalangu wane ne. Nan da 'yan shekaru wa za a tambaya?

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu, an yi a Gini. Wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin shirin ceto kayan tarihi na laburaren Birtaniya, ya zauna da ma'aikatan gidan rediyon ƙasar a Konakiri tsakanin 2008 da 2013 suka kwashe waƙoƙi sama da 9,000 daga tsofaffin tef, aka rubuta sunayen mawaƙa da na waƙoƙi yadda mai nema zai samu. Wannan shiri yana karɓar takardar neman tallafi daga ko'ina, gidan rediyo da jami'a za su iya haɗa kai su nema.

Amma ni abin da nake roƙo bai ma kai nan ba, ba sai an jira kuɗin Turawa ba. Jeri kawai. A zaunar da mutum biyu da laftof, kowane tef a ba shi lamba, a rubuta sunan mawaƙi da duk sauran sunayen da ake kiransa da su, da lanƙwasa da babu lanƙwasa, a rubuta garinsu, kayan kiɗan, wanda aka yi wa waƙar, gindin waƙar kamar yadda aka rera shi, inda aka naɗa da shekara in an sani, in ba a sani ba a bar gurbin fili kada a yi cika-fuska. Kuma don Allah a jera kowace waƙa da ke cikin tef ɗin, kada a rubuta "waƙoƙin Shata" a wuce, ma'aikatan laburare suna da gurbi na musamman don wannan, 505 suke ce masa, akwai 511 na masu kiɗa da amshi, 518 na wuri da ranar naɗi. Manhajar Koha da jami'o'inmu da dama ke amfani da ita kyauta ce kuma tana karɓar haruffanmu. Ɗaliban sashen laburare da ke neman wajen yin aikin koyon sana'a da masu yi wa ƙasa hidima za su iya wannan in an haɗa su da wanda ya san waƙa, ni kaina zan kawo ɗalibaina lokacin hutu ba tare da an biya mu ko kwabo ba.

Na san za a yi maganar haƙƙin mallaka, kuma magana ce mai kyau, iyalan makaɗa suna da haƙƙi kuma an daɗe ana cinsa. Shi ya sa ban ce ku zuba waƙoƙin a intanet ba. Jerin ne kawai za a sa a shafinku, wanda ya ga abin da yake nema ya zo gidanku ya cike fom ya saurara a nan. Jerin ma taimakon iyalan zai yi, don wanda bai san yawan abin da mahaifinsa ya bari ba ba zai iya bin kadinsa ba.

Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara UNESCO ta ware ta don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Ina roƙonka ka kai wannan wasiƙa gaban shugaban gidan, a gayyato dattawan ɗakin faya-faye da malaman laburare da wani daga iyalan makaɗa a yi shiri ɗaya a kan wannan magana kafin ranar, a fara da makaɗi ɗaya ko da tef ɗinsa goma ne, a karanto mana jerin a iska, masu saurare su kira su gyara inda aka yi kuskure.

Na gode, a gaida duk ma'aikata. Wassalam.

Naku mai saurare kullum,
wani malamin Hausa daga jihar Zamfara