Karkashi Iri Biyu Ne, A Duba Kwansonsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana kan karkashi, ganyen da kowa ya sani a tukunyar miya amma kaɗan ne suka tsaya suka kalli furensa. Sunan nan ɗaya yana kan tsiro fiye da ɗaya, shi ya sa ake rikicewa a rubuce-rubucen noma.

Wanda masana suka daɗe suna kira Ceratotheca sesamoides tsiro ne na damina ɗaya. Yana fitowa da kansa a ƙasa mai rairayi, a gefen gonakin gero da saura, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe da shigowar rani. Ɗan uwan riɗi ne, a dangin Pedaliaceae. Sau da yawa yakan kwanta ko ya bazu, karansa da gashi-gashi. Ganyen ƙasa na da faɗi a gindi da ƴan haƙora, na sama sirara ne. Furen kuwa abin kallo ne: ɗaya-ɗaya yake fitowa a inda ganye ya haɗu da kara, kamar ƴar ƙararrawa mai launin ruwan hoda, da zane-zane masu duhu a ciki. In ka murza ɗanyen ganye da ɗigon ruwa, yauƙi zai kama maka yatsu nan take.

To amma yauƙi ba ya raba shi da Sesamum radiatum, wanda shi ma karkashi ake ce masa. Kwanso ne shaida. Na Ceratotheca a shafe yake, da ƙaho biyu a kusurwoyin samansa, kuma ma'anar sunan ke nan, kwanso mai ƙaho. Na ɗayan dogo ne kamar na riɗi. Ko da yake a 2018 wasu masana sun mayar da Ceratotheca cikin jinsin Sesamum, ƙahon yana nan.

Ga ɗalibai masu kai samfur ma'ajiyar tsirrai: a ciro tsiron da saiwarsa, da fure da nunannen kwanso. A shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida, a danne da abu mai nauyi, a riƙa canza takardar kullum, domin ganye mai yauƙi yana saurin yin fumfuna. A rubuta launin furen tun yana ɗanye, don yakan dusashe, tare da rana da gari da sunan da mutanen wurin suke kiransa.

Naku,
Masu nazarin tsirrai, Zariya