Murhun dusar katako a Italiya: akwai sauƙi amma a daina cewa ba ya da illa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina zaune a arewacin Italiya, kuma ina so in ce wani abu kan murhun ɗumama ɗaki da ƴan uwanmu na nan suke ta rububin saye, wanda ake zuba masa pelet, wato dusar katako da aka matse ta zama ƴan ƙwayoyi kamar abincin kaji.

Gaskiya yana ɗumama gida sosai, ka juye buhu mai kilo 15 a cikinsa, shi da kansa zai riƙa jan ƙwayoyin kaɗan-kaɗan yana hura zafi da fanka, toka ma ba ta da yawa. To amma fa murhun kansa sai ka ajiye Yuro dubu ko fiye, ga kuɗin mai haɗa bututun hayaƙi, ga shara duk shekara, kuma in wuta ta ɗauke shikenan ya mutu don da lantarki yake aiki. A 2022 da Tarayyar Turai ta hana shigo da katakon Rasha saboda yaƙin Yukren, kuɗin buhu sai da ya ninka, mutane suka sha wuya wallahi.

Maganar muhalli kuwa, in daga sharar masu yankan katako aka yi pelet ɗin, madalla. In kuwa bishiyoyi aka sare aka loda a jirgin ruwa daga wata nahiya, ina ribar take? Hayaƙinsa bai kai na itace ba, amma yana fitar da ƙura mai shiga huhu, shi ya sa a yankin Lombardiya da ke nan arewacin Italiya aka sa doka kan irin murhun da za ka girka. Don Allah kafin mutum ya saya ya duba taurarin da ke takardar murhun, wato alamar da ke nuna yawan ƙurar da yake fitarwa: yawan taurari, ƙarancin ƙura.

Naku, mai karatu daga Italiya