Wasiƙa ga Aminina Kan Karatun 'Yarmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Saƙonka ya iso tun makon jiya tare da takardun 'yarmu. Na jinkirta amsa ne don in zauna in duba su a tsanake, tunda ka ce in faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba: in ta nemi gurbin digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam bana, za ta samu?

A ɓangaren da take so, wato na duba masu larurar ƙwaƙwalwa, bana dai da kamar wuya. Ba don ba ta da ƙoƙari ba. Maki 3.7 cikin 4.0 ba abin rainawa ba ne, na kuma ji daɗi da na ga ta ci darasin ƙididdiga da kyau. Sai dai a jami'o'in Amurka aikin maki bai wuce ya sa a buɗe fayil ɗinka ba. Sashe guda yakan samu masu nema ɗaruruwa, waɗanda zai ɗauka kuma sau da yawa ba su kai goma ba, kuma kusan duk wanda ya kai zagayen ƙarshe irin makinta gare shi.

Abin da na daɗe ban gane ba, har sai da aka ƙi ni a karon farko, shi ne farfesa ke zaɓen ɗalibi, jami'a sa hannu kawai take yi. Kowane farfesa yana da ɗakin bincikensa da tambayoyin da yake bi. Wanda ya ɗauka za a yafe masa kuɗin makaranta, a riƙa ba shi alawus, su zauna tare shekara biyar ko shida. Kenan abokin aiki yake nema. Zai so ya san ko ta taɓa tsara bincike, ko ta tattara bayanai da hannunta, ko ta iya sarrafa su da manhajar ƙididdiga irin R ko SPSS. A takardunta zango ɗaya na gani, tana shigar da alƙaluma a kwamfuta. Waɗanda za ta kara da su kuwa, wasu sun yi shekara biyu cur a ɗakin bincike, sun gabatar da aikinsu a taron masana, wasu ma sunansu ya fito a mujalla.

Nan ne ma maganar wasiƙun shaida take shigowa. Uku ake nema. Malamin da iyakar abin da zai rubuta shi ne ta zauna a ajinsa ta ci A, wasiƙarsa ba ta ɗaga komai. Wadda ake karantawa sau biyu ita ce ta wanda ya ga yadda take yi ranar da aiki ya cije. Irin wannan ɗaya take da ita.

Na karanta bayanin da ta rubuta game da kanta. Ya taɓa ni, amma shafi biyu duk a kan son taimakon mutane ne, kuma kowa haka yake rubutawa. Ta faɗi tambayar da ke hana ta barci, da dalilin da ya sa wurin farfesa wane take son bin ta. Kuma ta duba shafin sashen tukuna, don ba kowace shekara kowane farfesa yake ɗaukar ɗalibi ba. Jarrabawar GRE da ta dame ka, wato ta neman shiga karatun gaba da digirin farko, sassa da yawa sun daina nemanta tun lokacin korona a 2020. A duba kowanne da ƙa'idarsa.

Amma ga tambayar da nake so ka yi mata, kai da ita kaɗai: bincike take so, ko zama da marasa lafiya? Tsarin digirgir na PhD a wannan fanni ya samo asali ne daga taron masana da aka yi a garin Boulder na Amurka a 1949, inda aka tsaya a kan a horar da mutum ya zama mai bincike kuma mai magani. A taron garin Vail na 1973 aka amince da wata hanya, digirin PsyD, wanda ya fi karkata ga aikin jinya. Shiga can ya fi sauƙi, amma galibi ɗalibi ke biyan kuɗi, kuma da yawa suna fitowa da bashi mai nauyi. In kuwa burinta ta zauna da mutum ta saurare shi, digiri na biyu a ba da shawara ko aikin jin daɗin jama'a yana kai mutum ga lasisi cikin lokacin da bai kai haka ba. In digirgir ɗin ta zaɓa, ta tabbata APA, wato ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ta amince da shirin, don hakan yana shafar shekarar horon asibiti da kuma lasisi.

In ta ce bincike, shawarata ta nemi aikin mataimakiyar bincike bayan ta gama, ta yi shekara biyu. Ana biyan albashi, kuma daga can wasiƙun kirki suke fitowa. Na san za ka ce ɓata lokaci ne. Ni ma haka na gani a lokacin, amma hanyar da na bi kenan aka ɗauke ni a karo na biyu.

In ta dage sai ta gwada bana, kada ka hana ta. Yawancin sassa suna rufe karɓar takardu wajen 1 ga Disamba, a kira ganawa a Janairu da Fabrairu, wanda aka ba gurbi kuma yana da har 15 ga Afrilu ya amsa. Ta turo min sunayen farfesoshi goma da aikinsu ya burge ta, da jimla biyu kan kowanne, in duba mata kafin ta biya kuɗin fom ko ɗaya.

A gaida mutanen gida duka.

Naka,
Amininka