Zan kai Baba Masar, ina neman shawararka

Ƙofar Doka, Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Yola, yaya zafi? Mu nan sai godiya.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar Baba. Ni da ƙannena mun yi karo-karo, na haɗa da kwasar adashena, mun yanke shawarar kai shi Masar yawon buɗe ido idan sanyi ya shigo. Tun da ya sauke farali bai sake hawa jirgi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane tarihi da Larabci, yana zana musu Kogin Nilu da alli, ya kamata a ce ya ga kogin nan da idonsa.

Abin da ya dame ni, duk wanda na gaya wa sai ya ce, "Subhanallahi, me ke damunsa?" Ka san mutanenmu, in an ce za a kai dattijo Alƙahira, asibiti ne ke faɗo musu a rai. Baffa kuwa cewa ya yi in kuɗin sun samu me zai hana Umara. Na girmama maganarsa, kuma in Allah ya hore za a yi. Amma ni burina in kai Baba yanzu da ƙafarsa ke ɗaukarsa, ya shiga inda yake so ya fito, ba sai ranar da za a tura shi a keken marasa lafiya ba. Mun cika jiran ciwo kafin mu kashe wa iyayenmu kuɗi.

Da na tambaye shi inda zai so gani, ban rufe baki ba ya ce Azhar. Masallacin da aka aza harsashinsa tun 970, har yau ana karatu a cikinsa! Daga nan ya lissafo kabarin Imam Shafi'i, da masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, wanda shi ne na farko da aka gina a ƙasar. Sai kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Baba ya fi rabin awa yana ba ni labarin wasiƙar nasiha da malamin ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas, da yadda Askiya Muhammadu, sarkin Songai, ya gana da shi a hanyarsa ta hajji. Rabon da in ga fuskarsa ta washe haka har na manta. A wurinsa Alƙahira garin malamansa ne, zuwa zai yi ya gaishe su.

Ni na ƙara masa da dalar Giza. Ya ce ai ya ga dalar gyaɗa a Kano yana saurayi, na ce to ga ta dutse, wadda ta yi kimanin shekara 4,500 a tsaye, tsayin babbar ya kai mita 146 lokacin da aka gama ta. Akwai kuma gawarwakin fir'aunonin da aka mayar sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ a 2021, ba nisa da masallacin Amru, kenan rana guda za ta ishe mu duka biyun.

Fasfonsa ya daɗe da ƙarewa, muna kan sabuntawa, sai biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, da katin rigakafin shawara. Ta Kano za mu tashi, jirgin EgyptAir kai tsaye, awa huɗu zuwa biyar, ba sauka a wata ƙasa. Likitansa zai rubuta mana takardar magungunan suga da hawan jini.

To ga inda nake buƙatarka, tunda kai ka yi karatu a can. Ina ya fi dacewa mu sauka? Kusa da masallacin Husaini, inda zai taka da ƙafa ya yi salla a Azhar, ko unguwar Madinatu Nasar wajen ɗalibanmu? Na fi karkata ga na farko, sai dai ina tsoron hayaniya da hawan bene saboda gwiwarsa. Ka kuma haɗa ni da ɗalibi mai natsuwa da zai zaga da mu, don Larabcin Baba na littafi ne, na kasuwa kuwa daban. Sanyin Janairu fa, rigar sanyi da yake sawa da hunturu za ta wadatar, ko in nemo masa babbar kwat a Sabon Gari? Abinci ma ka faɗa mini gaskiya, Baba ba ya kwana biyu bai ci tuwo ba, Inna har ta fara tanadin kuka da daddawa.

Ka amsa mini da wuri don in sayi tikiti kafin kuɗinsa ya hau. Baba ya ce a gaishe ka, ya ce rabonka da Zariya tun bikin ƙanwata. Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka