Ana iya kulle faifan ajiya ba tare da an yi masa fomat ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kun sha jan hankalin jama'a su riƙa kwafe muhimman takardunsu a faifan ajiya na waje saboda gobara ko mutuwar kwamfuta. Shawara ce mai kyau, amma da sauran magana. Faifan da ba a kulle da kalmar sirri ba, ya faɗi a Adaidaita Sahu, duk wanda ya tsinta zai jona ya karanta komai. Mu masu shagon buga takardu mun san abin da ke ciki: silif ɗin NIN, hoton fasfo, sakamakon WAEC, takardar fili. Amanar mutane ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsarewa.

Abin da ke sa mutane ja da baya shi ne tsoron fomat. Sai a ce maka ai sai an goge komai, an sauya tsarin faifan. Maganar tana da tushe, amma a Mac ne, wato kwamfutar Apple: manhajarta ta Disk Utility ba ta kulle faifai mai tsarin exFAT, wanda Windows da Mac duk ke karantawa, sai an goge shi an mayar da shi tsarin Apple, kamar APFS, daga nan kuma Windows ta daina karanta shi. Wanda ke yawo da faifansa tsakanin kwamfutoci iri biyu ba zai yarda da haka ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Mai Windows Pro yana da manhajar BitLocker, wadda ke kulle faifai mai tsarin NTFS, exFAT ko FAT32 da kayansa a ciki, ta ba shi lambobi 48 na ko-ta-kwana, don buɗewa in ya manta kalmar sirri. Sai dai Windows Home buɗewa kawai take iyawa, Mac kuwa ba ta san da zamanta ba.

Ni manhajar VeraCrypt na fi so. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ba ta taɓa tsarin faifan. Babban fayil guda take ƙirƙira a ciki, tamkar akwatin ƙarfe da aka ajiye a ɗaki ba a rushe bango ba. Ka sa kalmar sirri, ya buɗe kamar wani faifan daban, ka zuba takardu, ka rufe. Wanda ya tsinta zai ga fayil ne kurum da ba ya buɗuwa. Mai FAT32 ya sani fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, don haka akwatinsa ƙarami ne. Yin babba kuma yana iya cin sa'o'i, to kada a fara a kwamfutar tebur alhali ba a da tabbas da wuta. A riƙa rufe shi a cikin manhajar kafin a zare wayar faifan.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan kwafewa. Mutum ya danna gogewa a kan tsofaffin takardun da ke wajen akwatin, ya ɗauka sun tafi. Suna nan. Yaron da ya iya aiki a kasuwar waya ta Farm Centre zai dawo da su da manhajar farfaɗo da fayil, sai fa in an bi gurbin da manhajar da ke rubuta wani abu a kansa.

Kalmar sirrin akwatin kuwa, in ta ɓace, ba mai gyaran da zai buɗe maka, ko nawa za ka biya. A rubuta ta a takarda a ajiye a gida, ba a manne ta a bayan faifan ba, kamar yadda na ga wasu suna yi da salatif.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku ware shafi guda ku nuna matakan nan da hotuna, da Hausa, don masu shaguna da sakatarorin makarantun Islamiyya su samu abin bi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kabuga, Kano