A daina kashe mana sabis, a koyi bin sawun ɓarayi da shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda manyanmu ke yawan ambaton kimiyya da fasaha in ana zancen tsaro, amma mu nan Zamfara abin da muke gani a ƙasa bai taka kara ya karya ba.

Kowa na tune da watan Satumba na 2021 lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa kamfanonin waya sunka kashe sabis a duk faɗin jihar nan don a toshe ma ɓarayin daji hanyar magana da infomominsu. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. To amma wa ya fi jin jiki? Mai POS, ɗan kasuwa, mai mata da naƙuda ta kama cikin dare, da mutanen ƙauye waɗanda in anka shigo masu ba su da hanyar kiran soja. Mutane har Funtuwa suke zuwa don kawai su buga waya su dawo.

Alhali wayar nan ita ce babban sawun da ɓarawo ke bari. Duk kiran da anka yi sai ya bi ta ƙarfen sabis, kuma kamfani ya san wane ƙarfe ne, in ƙarafan na da yawa a wuri ana iya kintatar inda mai wayar yake kusa da kusa, in kuwa guda ne tal a tsakiyar daji sai dai a ce yana wani wuri cikin faɗin kilomitoci masu yawa. Ke nan ƙarin ƙarafa muke buƙata a yankunan Ɗansadau da Zurmi da Maradun, tare da masu tsaronsu. Tun Disamba 2020 anka tilasta mana haɗa layi da lambar NIN, munka sha layi cikin rana tsofaffi da mata, amma har gobe ana kiran iyalai da waya ana cinikin kuɗin fansa, wasu ɓarayin ma har TikTok suke hawa suna nuna kuɗi. Wa ke zama ya tattara waɗannan lambobin ya duba wa ke kiran wa, wa ke tura ma wa kati? Wannan aikin masu ilmin kwamfuta ne, kuma wallahi muna da su. Sai dai ina roƙo in an samu kayan aikin a yi shi bisa doka, kar a juya shi kan 'yan jarida da masu sukar gwamnati.

Haka batun tauraron ɗan'adam. Nijeriya na da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, shi NigeriaSat-X ɗin ma injiniyoyinmu ne sunka haɗa shi a Ingila. Yanzu duk sun tsufa. Hoton sama na iya nuna sabuwar hanyar babura cikin dajin Kuyambana ko Sububu, da ramukan haƙar zinari, da gonakin da anka bari ba noma. Da damina kuwa gajimare na rufe ƙasa, shi ya sa ake buƙatar tauraro mai aiki da na'urar rada (radar) wanda gajimare ba ya hana shi gani.

Inda abin ya fi taɓa min zuciya shi ne jirgi maras matuƙi. Na yi murna sosai a Fabrairun 2018 da marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, wanda sojojin samanmu sunka ƙera. Amma mun ga abin da ya faru a Tudun Biri a Disamba 2023, masu Maulidi anka jefa ma bam, kuma a Janairun 2025 nan Tungar Kara 'yan sa-kai da mutanen gari sunka rasa rayukansu a harin jirgi, Allah ya jiƙansu. Kyamara daga sama ba ta bambanta ɗan sa-kai da ɓarawo, duk a kan babur suke, duk da bindiga a kafaɗa. Me zai hana a ba Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a farkon 2024, rediyon oba-oba da 'yar na'urar da za ta riƙa nuna ma masu jirgi cewa waɗannan namu ne? Kuɗinta bai kai na bam guda ba.

Kuma ba sai an jira Abuja ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Poli ta Ƙauran Namoda, ga Poli ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, cike suke da yaran da sunka taso a ƙauyukan nan, sun san kowane rafi da burtali. A ba su kuɗin bincike daga TETFund, asusun tallafa ma manyan makarantu, su zana taswirar dazukanmu, su haɗa jiniya mai aiki da sola da gari zai sanar da maƙwabtansa, su gwada alamar da ake maƙala ma shanu don a bi su in an kore. Ina kira ga gwamna da sanatocinmu uku su ware ma wannan kaso a kasafin kuɗi mai zuwa, su kuma zaunar da shugabannin makarantun nan da kwamandojin soja a teburi guda.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara.